Na sa almakashi a rigar mahaifiyarmu, Yayata ta daina ɗaga wayata

Assalamu alaikum, Anti. Shekarata 36, ina da aure da yara biyu. Wata 14 ke nan da rasuwar mahaifiyarmu. Mu uku ta bari: Yayata mace, sai ni, sai ƙaninmu, kuma Baba yana raye. Bayan an raba abin da za a raba, akwai wani akwati da babu wanda ya iya buɗewa, sai aka ce in ajiye shi a wurina. A cikinsa akwai rigunanta na yau da kullum kusan 20, da wani mayafi da kakarmu ta yi wa ado da allura da hannunta, da hotuna, da wasiƙu, da wani littafi da take rubuce-rubuce a ciki. Rabin littafin da yaren iyayenta ta rubuta, wanda mu ba mu iya sosai ba domin nesa da dangi muka tashi.

Ni mai son zane-zane da ɗinki ce tun ina yarinya. Wani dare barci ya ƙi zuwa, na buɗe akwatin, na ɗauko wata shuɗiyar riga na yayyanka, na fara haɗa ƙyallayen. Wallahi tun da ta rasu ban samu sanyin zuciya irin na daren nan ba. Burina in haɗa babban abu guda da za a rataye a bango, in sa tufafin da mayafin, in manna wasiƙun da hotunan, domin yarana su san daga inda suka fito. Da safe na tura wa Yaya hoto ina murna. Sai ta kira ni tana kuka, ta ce na keta mahaifiyarmu, ashe rigar ce a jikin Mama ranar da Yaya ta kai ta asibiti zuwan ƙarshe. Yau sati 6 ba ta ɗaga wayata. Ƙaninmu ya ce shi babu ruwansa, Baba kuma bai ce komai ba. Anti, laifi ne abin da nake son yi? In ci gaba, ko in rufe akwatin in haƙura?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta, ya ba ku haƙurin rashinta.

Zan fara da sanyin da kika ji a daren nan, domin na lura kina shirin ɗaukar sa a matsayin wani ɓangare na laifin. Ba laifi ba ne. Wata 14 kina ɗauke da abin da baki ya kasa faɗa, sai hannu ya samu hanyar faɗarsa. Mai jimami yakan rasa inda zai kai kewarsa: babu wanda zai kira, babu wanda zai yi wa hidima. Allura da zare suna ba kewar aikin yi, kuma suna da wata baiwa da zaman shiru ba shi da ita. Kina riƙe da rigar Mama, zuciya na wurinta, amma ido na kan ɗinki kada ya karkace, don haka kina shiga baƙin cikin kina fita, ba ki nutse ba. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun bayyana a 1999 cewa haka jimami mai lafiya yake tafiya, mutum yana kai-komo tsakanin fuskantar rashin da komawa ga harkokin rayuwa. Ke a zama ɗaya kika samu duka biyun.

Kuma ba ke kika fara ba. A wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka, wata mata, Missouri Pettway, ta tattara kayan aikin gonar mijinta bayan rasuwarsa, wanduna da riguna, ta ɗinka abin rufa da su a 1942 domin ta riƙa lulluɓa tana tuna shi. Yau ana nuna ɗinke-ɗinken matan wannan ƙauye a manyan gidajen adana kayan fasaha. Amma abin da ya sa na kawo miki labarin shi ne, 'yarta Arlonzia ta ba da labarin cewa ita ce ta taya mahaifiyarta yayyaga kayan da daidaita su. Mutum biyu ne a kan almakashin, kowa ya san abin da ake yankawa.

A nan kika yi kuskure, kuma ba zan ɓoye miki ba. Akwatin nan ajiya aka ba ki, ba kyauta ba. An kai shi ɗakinki ne saboda babu wanda ya iya kallonsa, wato kowa ya jingine nasa rabon na baƙin ciki a wurinki har ranar da zai samu ƙarfi. Kin yanka abin mutum huɗu da shawarar mutum ɗaya, cikin dare, kuma yanka kamar magana yake, zarar bunu ne. Na san ba ki san tarihin rigar ba. To ai rashin sanin shi ne dalilin da ya sa ake tambaya. Kowace riga a akwatin tana da labarin da wani ya sani wani bai sani ba.

Ki tsaya a wurin Yaya na ɗan lokaci. Ita ta kai Mama asibiti. Wataƙila ita ta taya ta saka rigar, ita ta riƙe hannun rigar a mota, ita ta naɗe ta ta dawo da ita gida ba tare da mai ita ba. A wurinki shuɗin ƙyalle ne mai kyau da yake tuna miki Mama a tsakar gida. A wurinta ita ce shaidar ranar da ta fi kowace rana nauyi a rayuwarta, ranar da ku ba ku gani da idonku ba. Sai ta buɗe waya da safe ta gan ta gunduwa-gunduwa, da saƙon murna a ƙasa. Kalmar da ta yi amfani da ita, "keta", ta yi tsauri, amma kada ki tsaya yin shari'a da kalmar. An daɗe ana ɗauka cewa warkewa daga rashi ita ce a yanke alaƙa da mamaci a ci gaba da rayuwa. A 1996 Dennis Klass da Phyllis Silverman da Steven Nickman suka fito da hujjoji cewa yawancin mutane ba sa yankewa, suna ci gaba da riƙe alaƙar ta wata sabuwar siga, kuma hakan ba ciwo ba ne. Ke taki sigar ita ce ki sarrafa, ki mayar da abu wani abu. Tata ita ce abu ya zauna yadda aka bar shi. Duk ku biyun Mama kuke riƙewa.

Don haka aikin farko ba na allura ba ne. Ki ajiye ɗinkin, ki je wurin Yaya da ƙafarki in tafiyar za ta yiwu, in ba za ta yiwu ba ki rubuta mata. Ki ba ta haƙuri ba tare da "amma" ba. Kada ki ce mata kin samu sauƙi a daren, kada ki kawo maganar yara da sanin asali, duk wannan zai zo mata kamar kare kai. Abin da za ki ce bai wuce wannan ba: "Yaya, na yanka abin da ba nawa ni kaɗai ba, ban tambaye ki ba, kuma ban san abin da rigar take a wurinki ba. Ki yafe mini. Ban sake taɓa komai ba, kuma ba zan taɓa ba sai mun zauna." Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle Yaya. In ta yi shiru, ki bar ta da shirunta, ki riƙa gaishe ta kamar yadda kika saba ba tare da neman amsa ba. Ki tattara ƙyallayen shuɗiyar rigar gaba ɗaya, har 'yan ƙananan da suka zube a ƙasa da maɓallan, ki naɗe su a farin ƙyalle mai tsabta. Hukuncin wannan rigar yanzu nata ne. Tana iya karɓa ta ajiye a haka, tana iya cewa ki ƙarasa abin da kika fara ki ba ta, tana iya cewa ba ta son ganin su. Kowanne ta zaɓa, ki amince.

"Babu ruwana" na ƙaninku kuma ban yarda da shi ba. Sau da yawa wannan magana ce ta wanda ba ya son ya shiga tsakanin yayyensa biyu, ko wanda yake tsoron in ya buɗe baki murya za ta karye. Kada ki tambaye shi ra'ayinsa kan aikin, zai sake zillewa. Ki tura masa hotunan kayan ɗaya bayan ɗaya ki ce ya zaɓi guda da yake so a ajiye masa. Za ki yi mamakin abin da zai nuna. Shi kuwa Baba, shiru ma magana ce. Ya fi ku daɗewa da sanin mai akwatin, kuma wasiƙun nan da kike son mannawa a bango, kin duba ko wane ne ya rubuta su, wa aka rubuta wa? In nasa ne, ko nata zuwa gare shi, to ba kayan ado ba ne, sirrin mutum biyu ne kuma ɗayansu yana raye. Ki kai masa su a hannu. Ita ma Mama tana da haƙƙi a nan: abin da ta rubuta domin idonta kaɗai bai kamata baƙin da suka shigo falonki su tsaya suna karantawa ba.

In an samu zama, ko da ta waya ne, ku kasa kayan kashi uku. Akwai waɗanda almakashi da gam ba za su taɓa su ba har abada, akwai waɗanda kowa zai ɗauka ya ajiye yadda suke, sai ragowar da kowa ya yarda a sarrafa. A cikin riguna 20, ina kyautata zaton fiye da rabi za su faɗa kashi na uku, kuma sun ishe ki aiki. Wata shawara: kafin ki wanke komai, kowa ya ware riga ɗaya da ba za a wanke ba. Ƙamshi yana tayar da tunani fiye da gani, domin saƙon hanci yana isa sassan ƙwaƙwalwa masu riƙe motsin rai da tunawa ta gajeriyar hanya. Wanki ɗaya zai tafi da shi, kuma babu mai dawo da shi.

Mayafin kakarku yana kashi na farko, kuma a kan wannan ba na sassautawa. Rigunan Mama an saya ne ko an ɗinka, akwai irinsu a duniya. Mayafin shi kaɗai ne, hannu biyu da suka riƙe shi duk sun tafi, kuma ba na 'ya'yan Mama kaɗai ba ne, 'yan'uwanta ma suna da rabo a cikinsa. Ko rataye shi a bango na dindindin ban so ba. Haske yana cin launi da ƙarfin zare sannu a hankali, ɓarnar tana taruwa, kuma abin da ya koɗe ya koɗe ke nan. Shi ya sa gidajen adana kayan tarihi suke nuna tsofaffin tufafi a haske mara ƙarfi, wajen lux 50 a ma'aunin ƙarfin haske, su kuma riƙa sauke su suna hutar da su a duhu. Ki naɗa shi a farin ƙyallen auduga da aka wanke, ki nannaɗe shi kamar tabarma maimakon ninkewa, domin a kan layin ninki zare yake fara karyewa. Ki cire duk wani fil ko ƙarfe a jikinsa saboda tsatsa. Ki nesanta shi da danshi da bangon da yake jiƙa, kada ki rufe shi a leda inda laima za ta taru ta kawo fumfuna, kuma ki riƙa buɗe shi lokaci-lokaci kina duba asu, musamman in akwai ulu ko siliki a ciki.

Takardu da hotuna ma haka. Salatif yana yin ja bayan shekaru, danƙonsa ya ratsa takarda ya bar tabon da ba ya fita. Gam yana sa takarda ta tattare. Rufe takarda da roba a injin zafi, wanda mutane da yawa suke ɗauka gata ne, shi ya fi muni, domin ba a iya ɓare shi ba tare da an lalata abin da ke ciki ba. Abin yi shi ne a ɗauki kwafin komai. A sa hotunan a na'urar sikanin a ɗigo 600 a kowane inci, gaba da baya, domin sau da yawa a baya ake samun suna da shekara. Littafin kuma a ɗauki hoton kowane shafi kusa da taga, ba tare da hasken kyamara ba, kuma ba tare da an danne shi har ɗaurinsa ya ɓalle ba. Ki raba wa Yaya da ƙaninku kwafin, ki ajiye a wuri fiye da ɗaya. Da kwafi za ki yi aikinki: ki yanka, ki manna, ki shafa launi, in ya ɓaci ki sake bugawa. In za ki rubuta suna a bayan ainihin hoto, da fensir mai laushi, ba biro ba.

Akwai abin da na fi so miki a kan manna takarda. Ki zaɓi jimla ɗaya daga littafin, wadda ba sirri ba ce, ki buga kwafinta da girma, ki ɗora siririn ƙyalle a kai a jikin gilashin taga, ki bi sawun rubutun da fensir, sannan ki bi fensirin da allura da zare. Za ki ga yadda take lanƙwasa harafi, inda take danna alƙalami, inda take sauri ta haɗe kalmomi biyu. Layi ɗaya zai iya cin miki mako guda. Hannunki zai bi duk inda nata ya bi, a hankali fiye da yadda ita ta bi.

Yanzu maganar yara da asali, wadda ita ce kika ambata a taƙaice amma nake ganin ta fi komai gaggawa. Tufafi za su jira ki shekara goma in kin adana su da kyau. Mutanen da za su iya karanta rabin littafin nan, su gaya miki sunan ɗinkin da ke jikin mayafin da abin da zanen yake nufi, ba za su jira ba. Ki nemi wanda ya rage a 'yan'uwan Mama ko ƙawayen ƙuruciyarta. Ki tura musu shafukan, ki roƙe su su karanta da murya ki naɗa a waya, da izininsu. Kada ki tsaya a fassara kawai, ki naɗi ainihin yaren yadda yake fita daga bakin mai shi. Ki nuna musu hotunan ki tambaya wane ne wannan, ina ne nan, bikin me ake yi. In akwai wadda ta iya ɗinkin kakarku, ki zauna gabanta ta koya miki, ko da ta kiran bidiyo ne. Ki juya mayafin ki ɗauki hoton bayansa, domin a baya ake ganin yadda allura ta shiga ta fita. Ranar da kika iya wannan ɗinkin a kan ƙyallen rigar Mama, kin haɗa kaka da uwa da jika a abu ɗaya ba tare da kin cire ko zare ɗaya daga mayafin ba. Matan yankin Bengal, a Indiya da Bangladesh, sun daɗe suna yin wani abin rufa da ake kira kantha: su jera tsofaffin tufafin gida bisa juna, su bi su da ƙananan ɗinki, wani lokaci da zaren da suka zaro daga bakin tsofaffin tufafin. Abin da ya riƙe sana'ar tsawon zamani shi ne 'ya ta zauna kusa da uwa tana kallo. Ki zaunar da naki yaran kusa da ke, ki ba su su zura miki zare, su zaɓi launi, kina ba su labarin kowace riga.

Game da girman aikin, zan so ki sake tunani. Babban abu guda a bango ɗaya yana nufin Mama ta tare a gidanki ke kaɗai, kuma wannan ma zai iya zama wani ciwon. Me zai hana ki yi huɗu ƙanana, na Baba, na Yaya, na ƙaninku da naki, kowa ya zaɓi ƙyallayensa? Babban bargon tunawa da waɗanda cutar ƙanjamau ta kashe, wanda aka fara shimfiɗawa a birnin Washington a watan Oktoba na 1987, ba hannu ɗaya ya ɗinka shi ba. Falle 1,920 ne a ranar, kowanne ƙafa 3 da ƙafa 6, dangi da abokai suka yi wa nasu mamacin, aka zo aka haɗa. Naku ma za a iya yin su da girma ɗaya, yadda in kun haɗu za ku jera su. Kafin ki sake yankawa, ki gwada tsarin a kan takarda ko a kan tsofaffin kayanki. Ki goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a ɓoyayyen gefen kowace riga ki ga ko launi yana zuba. Yadin da ya yi laushi saboda tsufa kuma ki yi masa shafi da auduga daga baya don ya ɗauki ɗinki.

In Yaya ta ce a'a ga komai fa? To ki nemi a raba rigunan, ki yi aiki da rabonki kaɗai, kuma kada ki tura mata hoto sai ta tambaya. In ma rabawar ta gagara a yanzu, hanyarki ba ta toshe ba. Kina da kwafin hotuna, kina da rubutun Mama, kina iya zana rigunan da fenti yadda suke a ninke, kina iya buga hoton zanen yadin a kan sabon ƙyalle. Ki ba maganar wata 6 ko shekara, a sake tayar da ita. Mutane suna canzawa a kan kayan mamaci fiye da yadda suke zato.

Abu ɗaya kuma ya tsaya mini a wasiƙarki, wato barcin da ya ƙi zuwa. In dare ɗaya ne nan da can, wannan kowa ya san shi. Amma in kusan kullum ne, in kewar ta hana ki aiki ko kula da yara, in kina jin rayuwa ta daina ma'ana, ki ga likita ko mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jimami mai tsanani da ya daɗe yana hana mutum gudanar da rayuwarsa cikin jerin lalurorin da ake yi wa magani, a kundinta da ya fara aiki a 2022. Ki sa ido a kan Yaya ma ta wannan fuskar, domin sati 6 na shiru zai iya kasancewa ba fushi da ke kaɗai ba ne.

Ranar da ta ɗaga wayar, kada ki fara da maganar ɗinki. Ki tambaye ta ranar asibitin. Ki ce ba ki taɓa jin yadda aka yi ba daga bakinta, ki tambaye ta abin da Mama ta ce a hanya, sannan ki yi shiru ki saurara.